Kaset Ɗari da Biyu

Manajan gidan talabijin ya tsuguna gaban keken ɗinkin wani tsohon tela.

"Baba, ruwa ya cinye ma'ajiyarmu. An ce kai kaɗai ka naɗi tsohon wasan barkwancinmu. Ka ara mana."

Tela bai daina taka keke ba. "Kaset ɗari da biyu. Na ƙona su."

"Ka ƙona? Wane marar imani ya sa ka?"

Tsoho ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihun tebur. Gargaɗi ne: wasan mallakar gidan talabijin ne, ya ƙona ko a haɗu a kotu.

Manaja ya dubi sa hannun. Nasa ne.

"Matsa kaɗan, ɗana," in ji tela. "Ka tare mini haske."