Tsinken Saƙa da Huda ta Ƙarshe

Da ya ɗaga tsinken saƙa daga cikin akwatin katuna, kati talatin da ɗaya suka zubo kan tebur.

Shekara uku magatakardan asibitin mishan ya yi yana shirya akwatin nan. Kowane majinyaci, daga Kagoro har Madakiya, yana da katinsa mai jerin huda a gefe: ta ƙauye, ta ciwo, ta ruwan sha. Inda amsa ta zama "e", sai ya yanke bakin hudar. Mai tambaya ya zura tsinken saƙa ya ɗaga, katunan da aka yanke bakin hudarsu su faɗo, amsarsa ke nan.

"Yaran da gudawa ta kashe bana ke nan," in ji Sistar asibitin. "To, Malam, wane ruwa suka sha?"

Ya tattara katunan, ya gwada hudar rafi. Ko ɗaya bai faɗi ba. Ta famfon tasha ma haka.

Saura huda ɗaya, wadda ya ƙara don alfahari shekarar da ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa, ya ce kowa ya ɗiba.

"Ɗaga mana, Malam."

Ya ɗaga. Tsinken ya taso shi kaɗai, katunan duka talatin da ɗaya suka zube.