Direban da Ya Hana Motarsa Zuwa Cefane

Tunda ka ce kai abu ba ya kwana a hannunka, gyara zama in ba ka misalin wani direba. A wani ƙauye ne can nesa da kwalta, a shekarar da yaƙi ya toshe babbar hanya. Fetur ya yi ɓatan dabo, gidajen mai suka koma makwancin awaki. Kaf ƙauyen mota ɗaya ce, wata tsohuwar a-kori-kura, ita ke kai mutane kasuwar gari su sayo gishiri da sabulu da kananzir da ashana. Ran nan direbanta ya auna abin da ya rage a tanki da ɗan na jarka, ya ga ba wani na kirki ba ne. Sai ya tura ta gindin tsamiya, ya lulluɓe ta da zana, ya ce ta gama zuwa cefane. Dalilinsa kuwa bai ɓoye wa kowa ba. A ƙauyen akwai tsofaffi, akwai masu tsohon ciki, akwai marasa lafiya a kwance. In yaƙi ya iso, mai ƙafa ya gudu zuwa mashigar kogi ya haye, su kuma wa zai ɗauke su? Ya ce man nan nasu ne.

Ai kuwa ya sha zagi ta uwa ta uba. Wannan ya zo wai goronsa ya ƙare, kansa na sarawa. Waccan ta zo wai miyarta ba ta daɗi sai da magi. Har mai gari ya kira shi, wai a kai shi ya sayo sukari. Direba ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, man ba na shayi ba ne." Amma bai bar su haka nan ba. Ya aro amalanken shanu, ya ce duk ranar kasuwa zai tafi, kowane gida ya ba da sautu. Amalanke ba ya tafiya wayam, albasa da gyaɗa da itace yake kaiwa, ya dawo da buhun gishiri a raba da kwano. Abin da za a iya yi a gida kuwa aka daina sayowa. Mata suka koma kan daddawarsu da sabulun salo, aci-balbal ta fito daga bayan rumbu aka zuba mata man gyaɗa. Wanda ya ce shi zuwa da kai ya fi saƙo, sai a nuna masa hanya, a ce Allah ya ba shi ƙafa. Yara suka sa wa mutumin suna direban shanu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, mutumin da ya saba da sitiyari yau shi ne da tsumagiya a bayan bijimai, amma ya cije.

Ana nan, wata rana da hantsi mata na shanya, sai ƙarar bindigogi daga gabas, hayaƙi ya tashi a ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Gari ya rikice. Masu ƙarfi suka ɗora ƙunshi a ka, suka kora dabbobi suka nufi kogi. Tsofaffi kuwa suna zaune a ƙofar gida, sun sallama wa Allah. Direba ya yaye zana, ya juye jarka, samari suka sa kafaɗa suka tura. Mota ta yi tari, ta sake yin tari, ta tashi. Wallahi ko kiɗan biki bai taɓa yi wa mutanen nan daɗi kamar ƙarar injin nan ba. Ya loda tsofaffi ya kai mashiga, ya juyo ya kwashi masu ciki da majinyata, ya sake juyowa, yana bi gida-gida yana sallama har ya tabbata ba a bar kowa ba. A sawun ƙarshe ne mai ya ƙare ƙarƙaf, motar ta gangara da kanta ta tsaya a bakin ruwa, daidai inda masu fito ke jira. Da aka haye kowane maigida ya duba iyalinsa, ba gidan da ya rasa ko mutum guda. Mata suka ɓarke da guɗa, waɗanda suka fi kowa zaginsa su suka ɗaga shi sama, shi kuwa yana dariya hawaye na zuba. To ka ji. Ba rowa ya yi ba, hangen nesa ne, don Hausawa sun ce, don tuwon gobe ake wanke tukunya.