Hular da Darcy Ya Saƙa

Narelle ba ta sayar wa 'yan koyo sabon tsarin saƙar kwarashi sai Darcy ya gwada shi. Makaniken jirgin ruwa ne mai kaurin yatsu. Duk inda ya ɓata, a nan take gyara rubutaccen bayanin saƙar.

Ranar Asabar ya shigo rumfarta a kasuwar Devonport, ya ajiye mata hular ulu. Ta ƙirga layi bayan layi, komai daidai.

"Kai, sarkin ɓarna! Wa ya saƙa maka?"

"Ni ne. Na daɗe da iyawa, Narelle. Da gangan nake ɓatawa don in samu dalilin zuwa." Ya sunkuyar da kai. "An ba ni aiki can nesa, a birnin Darwin. In kin ce in zauna, zan zauna."

Ta buɗe baki, sai wata magana daban ta fito.

"Wato duk gyaran da na yi a banza ne?"

Ya ɗan jira, sannan ya juya ya shige cikin jama'a.

Ta sake ƙirga hular tun daga farko, tana neman kuskure ko ɗaya da zai sa ta kira shi. Babu.