Ranar da Mai Usur Ya Sa Kwaɗo

Mama Mai Abinci tana cikin zuba wa ɗalibai shinkafa ta hango rigar nan mai ruwan ɗorawa ta kunno kai daga wajen ɗakin gwaje-gwaje. Sai ta ja tsaki don kowa ya ji.

Mai Usur ne. Jami'in kula da lafiya da tsaron muhalli na jami'ar, in ji allon ƙofar ofishinsa. A wurin Mama kuwa, sunan ne ya fi aikin girma. Mutum ya yi karatu har ya ƙoshi, a ce ƙarshensa shinshina kwata da leƙa kwandon shara? Yau ya busa usur ya kori malamai daga aji wai gwajin gobara, gobe ya bi tulunan kashe wuta yana ƙwanƙwasawa kamar mai sayen kankana. Ba ya koyarwa, ba ya ba da magani, sai hana ruwa gudu.

Abin da ya haɗa su, tukwanen gas ne. Shagon Mama yana jingine da ƙofar bayan babban ɗakin karatu, wadda aka tanada don gudu in wuta ta tashi, tukwanenta kuma a nan bakin ƙofar suke. Tun kafin a san da wani ofishin tsaro take wurin. Da wannan murhun ta ciyar da marayunta, da shi babbansu ya yi digiri, ga shi digirin bai tsinana mata komai ba. In aka mayar da ita sabuwar rumfa can bayan filin ƙwallo, wane ɗalibi ne zai bi rana ya same ta? Ƙannen kuma su ci me?

Duk maƙwabtanta sun tashi tun bara, ita kaɗai ta rage. Har ana raɗe-raɗin wai tsoronta yake ji, kullum sai ya zo ya yi magana ƙasa-ƙasa ya tafi.

Yau ma da ya iso sai da ya cire hular kwanonsa. Idonsa na kan takalminsa.

"Barka da aiki. Wancan makon da muka yi gwaji, ɗalibai sun danno ƙofar nan ta ƙi buɗuwa. Da wutar gaske ce fa?"

"Da! Da!" Mama ta buga ludayi a bakin tukunya. "Ita 'da' ɗin nan taka tsohuwa ce, ba ta haihuwa. Ka taɓa ganin wuta a nan, sarkin tsoro?"

"Ni zan kwashe kayan da hannuna. Har mota na samo."

"Ka kwashe wa wanda ya aike ka! Kai dai wallahi wadda ta haife ka ta yi wahalar banza."

Ɗalibai suka fashe da dariya. Tsohon mai gadi kuwa, da ya daɗe a jami'ar, bai yi ba. Kau da kai ya yi, yana kakkaɓe hularsa.

Mai Usur ya mayar da hularsa. Sai ya sunkuya ya kashe gas ɗin, ya ɗaga tukwanen ɗaya bayan ɗaya ya kai mota, gumi na bin wuyansa. Ya jawo ƙyauren shagon, ya zaro kwaɗo daga aljihu. Ya saƙala shi, ya danna. Ƙas!

Mama ba ta roƙe shi ba. Roƙon wa? Ta juye sauran abincin a kwano, ta ɗaure, ta gyara mayafi, ta wuce shi kamar ta wuce turken wuta.

Da yamma tana zaune a tsakar gida, ta zuba tagumi tana tunanin rumfar bayan filin ƙwallo, aka yi sallama. Rigar ɗorawar ce ta shigo. Mai ita ya rataye ta a ƙusar da ya saba, ya durƙusa nesa kaɗan.

Ba ta dube shi ba. Ta tura masa kwanon nan gabansa, har da naman da ta ware gefe.

"Ci," ta ce. "Wanda ya wuni yana rufe wa uwarsa shago, ai dole ya kwaso yunwa."