Sa Hannun Alhaji Ja'afaru

Nuru ya durƙusa gaban kujerar Alhaji Ja'afaru, riƙe da takardar neman izini. Shekara biyu ya yi a jami'a yana nazarin fayilolin mazauna wannan gidan kula da tsofaffi na unguwar Perry Barr a ƙasar Turawa, sai yanzu kwamitin jami'ar ya ce ba zai yi amfani da na kowa ba sai mai shi ya sa hannu. Digirin nasa kuwa kacokan a kan fayil ɗin Alhaji ya tsaya: mutum ɗan shekara saba'in, amma ƙasusuwansa kamar na ɗan tamanin da biyar. Malamin Nuru ma ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.

"Baba, sunanka ba zai fito ba. Lamba kawai za a sa."

"Hawan jinin fa?"

"Yana ciki, Baba."

"Faɗuwar da na yi a bayi?"

"Ita ma."

"Rubuta abinka, ɗana. Waye bai taɓa faɗuwa ba?"

Alhaji ya karɓi biro ya sa hannu a natse. Nuru ya yi ajiyar zuciya, har ya fara hango kansa ana ce masa Dakta.

Sai tsohon ya yafito shi, ya rage murya.

"Kai ɗan gida ne, bari in gaya maka. Saba'in ɗin nan ta fasfo ce. Goma sha biyar na zaftare da zan zo ƙasar nan, ko likitana, GP, bai sani ba."

Ya miƙa masa biron.

"Wannan kam ban yarda ka rubuta ba."