Gurbin Inna

Da aka yaye ƙyallen da ya rufe afish ɗin, wato babban hoton sanarwa, a dandalin Garhanga, jama'a suka ɗauki tafi. Shi kuwa wanda ya tsara afish ɗin sai ya sunkuyar da kai, don ya hango Inna tana kutsowa gaba da ƙawayenta uku.

Ita ya ɗauka hoto tana haƙar ramin tare ruwan sama, zanenta duk ƙasa. Sati guda ta yi tana shelar ɗanta zai sa ta a afish ɗin porje, shirin raya karkarar da yake wa aiki. Amma da ya zauna gaban ordinater, wato kwamfuta, ya tuna abokan aikinsa za su tambayi ko wace ce, sai ya goge ta. Ya kwafi rairayin gefenta ya yi ta liƙawa a gurbinta, sannan ya tona harufa a kai kamar da yatsa aka rubuta su.

Inna ba ta iya karatu ba. Ta bi afish ɗin da ido daga sama har ƙasa.

"To, ina kike?" in ji wata ƙawarta.

Sai ya ga Inna ta ɗora hannu ƙarƙashin harufan tana dariya.

"Ku dubi nan! Wanga ai sawuna ne, ga babban yatsana da ya karkace. Ɗaya, biyu... har bakwai! Yaron ga, sau guda bai ishe shi ba."

Ta juyo tana sa masa albarka gaban kowa. Ya kasa ɗaga ido.