Mai Shaguna da Ciyawar Roba

Kawu, tunda ka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa kan abin da za a sa a gaban sababbin shagunanka, to ni misali zan ba ka, don in na faɗa kai tsaye cewa za a yi na yi rashin kunya. Don Allah kar ka katse ni, ba shi da tsawo.

Wani Alhaji ne ya gina jerin shaguna a bakin titi, bene guda, gilashi ta ko'ina. A gaban filin akwai wata ƙatuwar darbejiya, a gindinta kuma wani tsoho mai wankin hula yake zama, da bokitinsa da burushinsa da 'yan tukwanen da yake kifa huluna a kai su bushe. Ba wanda ya taɓa ɗaukar ruwa ya ce zai ba bishiyar nan. Ruwan alwala take sha, don duk wanda azahar ta riska a layin, nan yake tsugunawa da buta, a shimfiɗa tabarmi a yi jam'i. In an sallame kuma ba a watsewa nan da nan, sai a zauna ana shan iska, wani na jiran hularsa, wani na hira. Wannan taron ne 'yan kasuwa suka gani suka kama shagunan kaf tun fenti bai bushe ba. Kuma ciniki ya yi, don wanda ya zauna a inuwa sai ya tuna an aike shi maganin tari, ko yana son katin waya.

Sai Alhaji ya ga hoton wani kanti na ƙasar waje a wayarsa, gabansa kore shar. Shi ke nan fa! Wai bishiya tana tare allon suna, wai ganye na zuba, wai tsuntsaye na ɓata masa mota. Tsohon ya ce, "Alhaji, a rage mata rassa mana." Ko kallo bai ishe shi ba. Da safe aka kawo injin yanka, kafin la'asar bishiya ta zama itacen girki. Aka zuba kankare, aka kawo ciyawar roba a naɗe kamar kafet, aka shafa gam aka manne ta. Sannan aka ce tsoho ya kwashe tukwanensa, wai ba su dace da wurin ba. Ka ji fa, Kawu! Mutumin da ya riga ginin zuwa wurin shi ne bai dace ba, roba ce ta dace. Har tabarmin salla aka hana shimfiɗawa, wai ƙauyanci ne, ga ciyawa mai laushi.

Da yake lokacin sanyi ne, abin ya yi kamar zai tafi daidai. Samari su zo su ɗauki hoto su wuce, ko ashana ba su saya ba, Alhaji na ta washe baki. Sai bazara ta kama. Ran nan da azahar mutane suka tuɓe takalma suka hau, don ido in ya ga kore cewa yake sanyi ne. Liman ya yi kabbara, sahu duka ana ɗaga wannan ƙafa ana sauke waccan. Da aka kai sujada goshi ya taɓa robar da ta sha rana tun hantsi, ai wallahi ba a taɓa sallame azahar da sauri irin na ranar ba. Kowa ya tashi yana shafa goshi. Ruwan alwala kuma ba ƙasar da za ta shanye shi, ya kwanta ƙarƙashin roba yana wari. Maimakon Alhaji ya gane, sai ya hana alwala a wurin gaba ɗaya. To mutum zai tsaya inda ba inuwa, ba alwala, ƙasa na ƙona shi? Jam'i ya koma tsallaken titi, gindin wata tsamiya inda tsohon ya koma da tukwanensa. Hira ta bi salla, ciniki ya bi hira. Masu shaguna su wuni suna hamma suna kallon roba, ɗaya bayan ɗaya suka miƙa mukulli suka kama gabansu.

Da ya rage saura mai kemis kaɗai, shi ma yana ɗaure kwalaye, Alhaji ya tsallaka titi da ƙafarsa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri ka dawo. Zan fasa kankaren in sa a dasa wata. Wata nawa take yi kafin ta ba da inuwa?" Tsoho bai ko ɗago daga hular da yake gogewa ba, ya ce, "Wata? Waccan da ka sare, ni na dasa ta shekarar da aka haifi ɗana na fari. Jiya aka yi sunan ɗansa na uku."

Alhaji ya juya, rana na dukan ƙeyarsa, ya tarar har mai kemis ya sa kwaɗo ya tafi. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.